Yadda Aka Zaga da Ni Kano

Daga ƙauyenmu da ke ƙasar Lajawa zuwa Wudil babu nisa, daga Wudil zuwa Kano ma ba wata tafiya ba ce, amma sai da gemu ya fara fito mini kafin ƙafata ta taka birnin. Iyakata kasuwar Juma'a ta Wudil. In kai akuya ko buhun gyaɗa, in tsaya a kan gada in kalli masunta, in koma gida kafin magariba.

Mu biyu ne maza a wurin Baba, ni da yayana. Shi ne aka kai koyon aikin kafinta a wani shago a Sabon Garin Wudil, ni kuma aka bar ni a gona. Amma ni ma hannuna yana son katako. Ƙotar fartanya, kujerar tsugunnon Inna, ƙyauren akurkin kaji, duk ni nake sassaƙawa, kuma idan Yaya ya zo gida da zartonsa ba na barin zarton ya huta.

Shekarar da ciwon ƙafa ya zaunar da Baba, a shekarar ce Yaya ya samu hanyar tafiya Kano. Ya ja ni bayan rumbu ya dafa kafaɗata.

"Ɗayanmu dole ya tsaya," in ji shi. "Ka riƙe gona, ka riƙe Baba. Da zarar na kafu na buɗe shagona, kai ne mutum na farko da zan ɗauka. Sai mu nemi wanda zai riƙa yi mana noman."

Na ce masa to. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta, wata ma ta sake biyowa. Ina noma nawa ina noma nasa, idan an yi girbi a ɗaure masa gero da wake a ba direba. Duk sallah yakan zo da sabuwar shadda, ya ce shago ya fara tsayawa da ƙafarsa, in ƙara haƙuri zuwa bayan girbi. A girbin da na gaji da jira, na kira shi na ce ina tafe. Ya ce babu laifi, abokinsa zai tare ni a tashar Unguwa Uku.

Inna ta ƙulla wa Yaya daddawa da kuka da busasshen kifi. Baba ya sa mini albarka a taƙaice, idonsa yana kan carbinsa.

Tun daga Mariri na daina jin hirar da ake yi a cikin motar. Gidaje sun haɗe da juna, babu gona a tsakani, babu inda ido zai huta. A Hotoro na ga manyan motocin mai sun yi layi kamar shanu a bakin rijiya. Da muka sauka a tasha, hayaniya ta rufe ni, kowa yana kiran sunan wani gari, kowa yana jan jakar wani. Ina tsaye rungume da kayana sai na ji an ce, "Ƙanena! Kai ne ka girma haka?"

Abokin Yaya ne. Ɗan Wudil ne, tare suka tashi, ya sha cin tuwo a gidanmu. Yanzu yana tuƙa adaidaita sahu. Muka gaisa, ya tambayi Baba da ƙafa, ya tambayi Inna, ya tambayi amfanin gona, har tsohuwar jakarmu sai da ya tambaya. Da na ce ina Yaya, sai ya shafa ƙeya.

"Ai an samu 'yar matsala. An sace masa waya jiya. Kuma mai shagon da yake haya ya tashe su, kayan aikinsa ma suna wurin ajiya. Yanzu kwangila yake bi, yau yana wannan unguwa gobe yana waccan, inda yake aiki nan yake kwana. Amma kada ka damu, Kano a tafin hannuna take. Ka zauna a ɗakina, kullum mu fita tare, ina aiki muna cigiya."

Na kira lambar Yaya, na ji ta a kashe. Ban ga dalilin yin shakka ba.

Washegari ya zaunar da ni a gefensa a gaba, rabin jikina a waje, muka shiga gari. Ya ce an ce masa Yaya yana yi wa wani gida ƙofofi a cikin birni, don haka muka bi ta Ƙofar Mata. Ya rage gudu ya nuna mini marina, inda dattawa suke zaune a bakin ramuka suna tsoma yadi suna ɗagowa, hannuwansu shuɗi har gwiwa. Daga nan muka kutsa lungunan da ban taɓa zaton abin hawa zai shiga ba. Katangar ƙasa tana jingine da ta siminti, kwata tana bin tsakiyar hanya, soro yana kallon soro. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda mutanen wurin suka san juna kamar a ƙauye. Tsoho yana zaune a dakali, duk wanda ya wuce sai ya ambaci sunan ubansa. Na ce a raina, idan haka birni yake, ai zan iya zama.

A bakin wani gida abokin Yaya ya tsaya, ya ce in jira shi. Ya shiga soro, ya daɗe kaɗan, ya fito yana girgiza kai.

"Sun gama aikin nan, sun koma wajen Kurna."

Ban ji haushi sosai ba, gaskiya. Idona bai ƙoshi ba. Da yamma ya ajiye mashin a gindin Dala ya ce in zo in ga abu. Muka hau matakalar ina haki. Daga sama garin ya shimfiɗu ta kowace fuska, rufin kwano mai tsatsa har inda ido ya gaza, hasumiyoyin masallatai sun tsaya a tsakani, shirwa tana shawagi a ƙasanmu. Da la'asar ta yi, kiran salla ya tashi daga ko'ina a lokaci guda, wani yana farawa wani yana ƙarewa.

"Ka gani?" in ji shi. "A cikin wannan za ka nemi mutum ɗaya. Sai an yi haƙuri."

Na gyaɗa kai. Na ma ji tausayin Yaya, shi kaɗai a cikin wannan taron.

A Kurna mutane sun fi hanya yawa. Mai lemo, mai gwanjo, mai gyaran waya, mai awara, kowa ya kafa a bakin titi, motoci suna ratsawa da hon. Nan ma ya shiga wani gini da ba a ƙarasa ba, ya fito ya ce an ce Yaya ya tafi sayen maƙullai a Sabon Gari. Na yi dariya na ce ai mu ma muna da Sabon Gari a Wudil. Ya ce in bari mu je in ga bambanci. Na kuwa gani. Harsunan da ban taɓa ji ba, kiɗa daga kowane shago, coci a jikin gidan bene, mata suna ciniki da murya sama da ta maza, warin man inji da na soyayyen kifi sun gauraya. Wani Inyamuri mai sayar da kayan ƙarfe ya yi mini Hausa har da karin magana. Na tambaye shi ko ya san wani kafinta ɗan Wudil, dogo, mai tabo a goshi. Kafin ya buɗe baki abokin Yaya ya ja hannuna.

"Ba a tambaya haka a birni, ƙanena. Sai su ɗauka ɗan leƙen asiri ne kai. Ka bar mini tambayar."

Na bar masa.

Haka muka yi ta yi. Kantin Kwari, inda 'yan dako suke gudu da dilar atamfa a ka suna ihun a ba su hanya, na manne da bango ina addu'a. Kasuwar Kurmi, mai ƙanshin fata da kanwa da turaren wuta, inda rana ba ta kai ƙasa. Ɗorayi da Rijiyar Zaki, inda gari yake cin gonaki, ka ga karan dawa a tsaye a jikin sabon gini. Nan na ga gona mai kyau an yanka ta fuloti-fuloti, na tsaya ina kallon ƙasar, na san da a wurinmu take da ta ba da gero.

Unguwar da ta fi tsaya mini a rai ita ce Nassarawa, wajen gidajen manya. Mun kai wata mata da 'ya'yanta. Da muka karya kwana sai hayaniya ta ɗauke ɗif. Manyan itatuwa, dogayen katangu da waya a kansu, ƙofofin ƙarfe a rufe. Babu dakali, babu mai shayi, babu yaro ko ɗaya a waje. Na tambayi abokin Yaya, idan aka yi rasuwa a nan, wa yake sanar da maƙwabta? Ya yi dariya har ya kusa hawa kan kwalbati. Amma ƙofar gidan da muka tsaya, ta ciki, ta katako ce, an yi mata zane mai kyau, na hango ta lokacin da maigadi ya buɗe. Na ce a raina wataƙila hannun Yaya ne. Na ce wata rana ni ma zan yi irinta.

Duk wannan yawon, abokin Yaya bai taɓa barina da yunwa ba. Ya saya mini gurasa da tsire, ya saya mini fura mai sanyi a roba. Sai dai kullum idan mun dawo yakan ce, "Ka ga wahalar birni ko? Wallahi ku kuna cikin ni'ima a gida. Da ni ne kai, da na koma, idan ya samu waya ya neme ka." Kuma sau da yawa wayarsa takan yi ƙara ya duba, ya sauka ya yi nisa kafin ya amsa. Na ɗauka budurwa ce, har ina yi masa tsiya.

Kifin Inna ya fara canza wari a cikin ɗaki. Ya ce mu ci kawai kada ya lalace. Muka ci da garin kwaki, ina ci ina jin kamar na ci amanar Inna.

Ranar da abin ya fito fili, mashin ɗinsa ne ya samu matsala. Ya tura shi wurin bakanike da safe, ya ce in zauna a ɗaki kada in fita in ɓata. Na zauna har hantsi, zaman ya ishe ni. Na tuna a hanyarmu ta fita na sha hango tulin katako ta wajen Naibawa. Na ce bari in je ko ƙanshinsa in shaƙa. Na tambayi mai shagon da ke bakin layi, ya nuna mini hanya, na taka da ƙafa.

'Yan Katako ta fi yadda na zata. Rumfuna a jere, falankai a tsaye sun fi mutum biyu tsawo, injina suna kuka, garin katako yana shiga hanci. Na tsaya a wata rumfa ina shafa wani jan katako. Mai rumfar, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ce, "Samari, saye za a yi ko kallo?"

Na gaishe shi, na ce kallo ne, ni baƙo ne daga Wudil. Sai kawai bakina ya ci gaba. Na ce yayana nake nema, kafinta ne, dogo, mai tabo a goshi, an tashe su daga shago.

"Ɗan Wudil mai yin gadaje?" in ji shi. "Wa ya tashe shi? Ai jiya da yamma ma ya zo nan ya ɗauki falankai, shi da abokin nan nasa mai adaidaita. Shagonsa yana nan inda yake. Ka koma titi, ka bi layin da ke kusa da gidan mai, za ka ga gadaje a waje."

Jiya da yamma abokin Yaya ya sauke ni a ɗaki, ya ce zai je ya kai wani fasinja na musamman.

Na yi wa dattijon godiya. Ban san yadda na fito daga kasuwar ba. Layin da ya kwatanta na san shi sarai. Kullum da safe ta bakinsa muke wucewa, kuma kullum a daidai nan abokin Yaya yake nuna mini wani abu a ɗaya hannun titin.

Gadaje uku ne a waje, an jingine su suna shan iska, da kujerun falo da ba a sa wa yadi ba. Shagon babba ne, ƙofa biyu. Magidanta biyu suna aiki a ciki, ɗaya yana yanka ɗaya yana buga ƙusa. Yaya yana zaune a kan benci da fensir a bayan kunne, waya a hannunsa yana dannawa.

Na yi sallama. Ya ɗago. Na ga fuskarsa ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba, kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Sannan ya gyara ta.

"A'a, ka iso? Ya hanya? Ya su Baba?"

"Suna lafiya, Yaya. An ce an sace maka waya."

Ya kalli wayar, ya sa ta a aljihu. Ma'aikatan suka rage bugun guduma. Ya miƙe ya ce in zo mu zaga baya. Bayan shagon akwai tulin guntayen katako da wata bishiyar darbejiya, nan muka tsaya.

"Ka saurare ni," in ji shi. "Ba ƙinka nake yi ba. Amma ka yi tunani da kanka. Idan ka taho nan, wa zai riƙe gona? Wa zai ɗaga Baba ya kai shi bayan gida? Inna ce za ta yi?"

"Ka ce za mu nemi mai noma."

"Magana ce ta lokacin. Bare ba zai riƙe maka gona kamar naka ba, kai ma ka sani."

"To tun yaushe ka san ba za ka ɗauke ni ba?"

Ya tsinki ganyen darbejiya yana murzawa.

"Me ya hana ka faɗa mini a waya, Yaya? Me ya hana ka faɗa mini da sallah, muna zaune a tabarma ɗaya? Sai ka sa a ɗora ni a mashin a yi ta zagaya gari da ni kamar ɗan akuyar da aka rasa mai saye?"

"Na san halinka. Da na faɗa maka da baki, da ka yi zuciya ka bar gidan gaba ɗaya. Na ce idan ka zo ka ga yadda garin yake, ka gaji, za ka koma da kanka, babu wanda ya ɓata wa wani." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma ba ni kaɗai na yanke ba. Ka tambayi Baba. Tun bara muka gama maganar nan da shi."

Wannan ce ta kashe mini jiki. Na dafa bishiyar. Ya ce in zo in ci abinci, ya ce zai ɗinka mini kaya, ya ce idan an kwana biyu za a duba. Na ce masa Inna ta aiko masa da daddawa da kuka, suna ɗakin abokinsa, kifin kuwa mun cinye. Na juya na fita ta gefen shagon don kada in sake bi ta gaban ma'aikatansa.

Na tarar da abokin Yaya a ƙofar ɗaki, ya riga ya ji. Ya kasa haɗa ido da ni.

"Ƙanena, wallahi ni cewa aka yi in riƙe ka. Ban so ba. Shi ya sa na ce aƙalla in nuna maka gari, kada zuwanka ya tashi a banza."

"Gidajen da kake shiga kana tambaya fa?"

"Wani na gaisa da mutane, wani na sha ruwa na fito."

Na ɗauki jakata. Ya ce in bari a gama gyaran mashin ya kai ni tasha. Na ce ya barshi, yanzu na san hanya.

A motar komawa na samu gefen taga, amma ban kalli komai ba. Sai da na ji ƙarar tayoyi ta canza a kan gadar Wudil sannan na san mun iso. Na hau mashin zuwa ƙauye, na isa ana shirin la'asar.

Baba yana inda na bar shi, a zaure, ƙafarsa a miƙe a kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ka dawo?" Bai ce ka same shi ba, bai ce yana lafiya ba. Na jira ko zai tambaya, bai tambaya ba.

"Baba, Yaya ya ce in tambaye ka."

Ya ajiye carbin. Da ya yi magana, muryarsa a ƙasa take.

"Na ce a bar ka ka je ka ga birnin, ko ranka ya yi sanyi. Ni ba zan iya kallon idonka in ce maka ka zauna saboda ni ba. Ka yafe mini."

Ban taɓa jin Baba ya roƙi wani abu a wurina ba. Na ce babu komai, don ba a ce wa uba akwai komai. Amma na shiga ɗaki na kwanta tun rana ba ta faɗi ba, abin da ban taɓa yi ba ina lafiya. Inna ta leƙo, ta ajiye kwanon fura, ta fita. Har yau ban sani ba ko ita ma da ita aka shirya, kuma ban tambaye ta ba.

Ban bar gida ba. Da damina ta faɗi na yi noma kamar kullum, sai dai da aka yi girbi na ce wa Baba na daina aika hatsi Kano, duk mai son gero ya zo ya ɗauka da hannunsa. Baba bai musa ba. Da rani ya shiga, na je Sabon Garin Wudil wurin tsohon maigidan Yaya, na ce ina son koyon aiki. Ya dube ni ya ce na yi girma da zama ɗan koyo. Na ce ya gwada ni. Kullum sai na gyara Baba da safe, in hau keke in tafi, in dawo kafin magariba. Haka na yi har Allah ya karɓi ran Baba.

Yaya ya zo jana'iza, muka tsaya kafaɗa da kafaɗa muna karɓar gaisuwa. Bayan an watse ya ce yanzu idan ina so in taho, akwai wuri. Na ce masa na gode, ina da aiki a hannu, wata makarantar allo ta ba ni yin ƙofofi. Muna gaisawa da sallah, 'ya'yansa suna zuwa hutu wurin Inna, nakan yi musu motar katako. Maganar nan kuwa ba mu sake tayar da ita ba.